Yadda Rafukan Kumasi Suka Koma Magudanai



Duk wanda ya durƙusa gaban malam ya karanta Ishmawi ya san cewa ruwan da ƙazanta ta jirkita launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ba a alwala da shi. In aka ɗora Subin da Aboabo da Sisai bisa wannan ma'auni, da wuya ɗayansu ya tsira, balle Pelele da ke ratsa bayan gidajenmu.

Sa'ad da jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, kwarin Subin fadama ce. Annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta faɗa wa gari a 1924, sai Turawa suka gina Sabon Zango, suka janye ruwan fadamar aka kafa babbar kasuwa. Tun daga nan aka fara yi wa rafi kallon hanyar kwashe datti.

Sana'o'i suka biyo baya. Makanikai da maƙera da suka taru kusa da tsohon rumbun makaman Turawa a shekarun 1930, inda sunan Magazine ya samo asali, daga baya an mayar da su Suame. Abin alfahari ne, domin dubban gidaje na ci daga can. Amma baƙin mai da ruwan batir mai ɗauke da dalma ƙasa ake zubar da su, damina ta kwashe zuwa ƙoramun da ke gangarawa madatsar Owabi, wadda tun 1928 take shayar da wani sashe na birnin. A Anloga kafintoci sun yi shekaru suna tuttula garin katako a gaɓar rafi, wani su cinna masa wuta. Ta kudu kuma ruwan masana'antun Kaase da Ahinsan da jinin mahauta kan bi Sisai su faɗa kogin Oda, manoma su yi ban-ruwan latas da kabeji da shi, kayan su dawo mana kasuwa.

Mu ma da hannunmu a ciki. Hayaƙin da ke tashi a Dagomba Line, inda ake ƙona wayoyi don ciro jan ƙarfe, 'ya'yanmu ne ke hura shi, su ne kuma farkon masu shaƙarsa.

Doka ba ta yi ƙaranci ba. An kafa hukumar kare muhalli ta EPA a 1994, an yi dokar shara mai guba da tarkacen lantarki a 2016. Sai dai a ganina, ɗauke kafintocin Anloga zuwa Sokoban ya fi takardun nan tasiri, don an ba mutane wurin komawa kafin a ce su tashi. Haka ya kamata a yi wa masu gwangwan: fili mai daɓen siminti da injin feɗe waya maimakon wuta. Kowane gareji kuma a ajiye duro na tara baƙin mai, tunda akwai masu sayensa. Sarakunan Zango da limamai na da bakin kai wannan buƙata gaban majalisar Asokore Mampong da fadar Manhyia.