Tunawa da Gwaggo Nas: Wani Shafi Daga Tarihin Wusasa

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Duk lokacin da aka tashi ba da tarihin Wusasa, sunayen maza ake fara jerowa: Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa; Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975; da Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki Nijeriya cikin waɗannan shekarun. Sun cancanci yabo, babu shakka. Amma akwai matan da suka yi ta tsayuwar dare a kan gadajen marasa lafiya, tarihi bai rubuta su ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce uwarmu da Ubangiji ya kira a bana, wadda yaro da babba ke kira Gwaggo Nas.

Ba a fahimtar rayuwarta sai an koma ga tushe. Likita Mila na mishan CMS ya zauna cikin birnin Zazzau a 1905, yana magani, yana koyarwa. A 1929 mishan ya ƙaura zuwa gindin dutsen Wusasa, inda aka gina majami'ar St Bartholomew da ƙasa bisa fasalin ginin Hausa, makaranta da asibitin St Luke suka kafu kusa da ita. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikin Hausa. Tsakanin waɗannan abubuwa uku, wato majami'a da makaranta da asibiti, Gwaggo ta tashi, a zamanin da iyaye da yawa ke ganin aikin jinya bai dace da 'ya mace ba, tun da ya ƙunshi kwanan asibiti da taɓa jikin baƙo.

Ni shaida ne a kan aikinta. Lokacin gangamin kawar da agana da aka fara a 1967, muna 'yan firamare, aka jera mu domin a yi mana lamba. Masu lambar baƙi ne, yara suka watse da kuka. Gwaggo ce ta naɗe hannun rigarta ta nuna mana tata lambar, sa'an nan muka dawo layi. A 1970 agana ta ƙare a Nijeriya, a 1980 aka shelanta ƙarewarta a duniya. Jikokinmu ba su san zanzana ba, ba su kuma san waɗanda suka sha rana domin su ba.

Bayan ta yi ritaya, zauren gidanta ya zama ƙaramin asibiti. Tsakar dare akan ƙwanƙwasa mata ƙofa saboda naƙuda, ta ɗauki fitila da jaka, ba ta taɓa tambayar addinin mai gida ba. Alheri gadon barci ne: sa'ad da rikicin 1987 ya faro daga Kafanchan ya iso Zariya, maƙwabtanta Musulmi, waɗanda wasunsu ita ta yanke musu cibiya, su ne suka kwana a ƙofarta.

A gida kuwa, ba a karya kumallo sai an yi addu'a an karanta Zabura. Ta riƙe 'ya'yanta da marayun dangi a tukunya ɗaya, har baƙo ba ya iya rarrabewa. A Zumuntar Mata ta koya wa amare haɗa ruwan gishiri da sukari, da muhimmancin zuwa awo, kamar yadda take koya musu waƙoƙin sujada. A wurinta jinya hidimar Almasihu ce, albashi kuwa ƙari ne.

'Yan'uwa, tsarar Gwaggo tana ƙarewa, kowace kuma tana tafiya da abin da ke kanta. Ina roƙon ƙungiyarmu ta naɗa kwamiti ya zauna da waɗanda suka rage, a ɗauki muryoyinsu, a tattara hotuna da takardun shaidarsu tun gara ba ta cinye ba. A kuma ware wani abu daga asusunmu domin ɗaukar nauyin 'yan matanmu masu son karatun jinya.

Allah ya ba ta hutawa, ya ta'azantar da 'ya'ya da jikoki, ya ba mu zuciya irin tata. Amin.