Shekarar da Aka Jingine Ganga: Yadda Mawaƙan Amurka Suka Riƙe Juna a Zamanin Korona

Mai karatu, idan aka ambaci shekarar 2020, abin da zai fara faɗo maka a rai shi ne takunkumin rufe baki da hanci, da zaman kulle, da kasuwanni a garƙame. To amma akwai wata sana'a da annobar korona ta fara kayarwa tun kafin ta isa ga sauran, kuma ita ce kusan ta ƙarshe wajen miƙewa, wato sana'ar kiɗa da waƙa a gaban jama'a. Dalilin a fili yake. Cutar nan taro take bi, shi kuwa mawaƙi taro ne gonarsa. Labarin da zan ba ka a nan na Amurka ne, ƙasar da ta fi kowace girman kasuwar waƙa a duniya, don ka ga abin da 'yan sana'ar suka yi wa junansu a lokacin da abinci ya yanke.

Ran 6 ga Maris, 2020, hukumomin birnin Austin na jihar Texas suka soke gagarumin bikin waƙa da finafinai da ake kira SXSW, wanda tunda aka fara shi a 1987 bai taɓa fashi ba. Ran 11 ga wata Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Washegari manyan kamfanonin shirya wasa biyu, Live Nation da AEG, suka dakatar da duk wani yawon wasa da ke hannunsu. Cikin mako guda an kashe fitilun dandali daga wannan gaɓar teku zuwa waccan. Kafin watan ya ƙare cutar ta fara ɗaukar su kansu mawaƙan; a nahiyarmu an yi rashin Manu Dibango na Kamaru, wanda ya rasu a Faransa ran 24 ga Maris.

Wataƙila ka ce, ai mawaƙin Amurka attajiri ne, mene ne don ya zauna a gida wata uku? Wannan tunanin ya dace da taurarin da kake gani a talabijin, kuma ba su fi a ƙirga ba. Bayansu akwai dubban da ba ka san sunansu ba: mai ganga, mai jita, 'yan amshi, mai saita sauti, mai haska fitilu, direban motar kaya. Yawancinsu ba su da albashi, sai an yi wasa ake sallamar su. Su kansu ƙananan mawaƙa cinikin faifai ya daɗe da mutuwa a hannunsu, sauraro ya koma intanet. A manhaja irin Spotify, abin da ake biya a kan sauraro ɗaya bai kai senti guda ba, alhali senti 100 ne ke yin dala. Sai an saurari waƙa sau dubu 200 zuwa sama kafin ta tara dala 1,000, sannan kamfanin faifai ya cire nasa. Kai da ka san yadda abin yake a Kano ba sai an yi maka dogon bayani ba: waƙa tana cikin kowace waya ta hannun masu turawa, amma mai ita da bikin aure da taro yake cefane. Ranar da aka hana taro, an hana shi cefane ke nan.

Abin da duniya ta fi gani a lokacin shi ne casun nan na ran 18 ga Afrilu, 2020, wanda Lady Gaga ta jagoranta tare da ƙungiyar Global Citizen, inda kowane tauraro ya yi waƙa daga falon gidansa, har da Burna Boy na Nijeriya. An sanar da tara kusan dala miliyan 128. Sai dai ka lura, wannan kuɗi na yaƙi da cutar ne da tallafa wa ma'aikatan lafiya. Aiki ne na alheri, babu ja, amma mai gangan da ya rasa kuɗin haya ba ta wannan ƙofar taimako ya iso masa ba.

Ƙofar farko da ta buɗe masa tsohuwa ce. Tun a 1989 ƙungiyar da ke ba da kyautar Grammy ta kafa wata gidauniya mai suna MusiCares don agaza wa 'yan sana'ar kiɗa idan ciwo ko talauci ya kama su. Abin da ya zaburar da su shi ne halin da Woody Herman ya mutu a ciki a 1987. Shahararren shugaban makaɗa ne da ya yi tashe shekaru da dama, amma ya ƙare da bashin haraji a wuya, har ana neman fitar da shi daga gidansa yana kwance ba lafiya. To da korona ta zo, ba a tsaya kafa kwamiti ba. Ran 17 ga Maris, kwana 6 kacal bayan sanarwar Hukumar Lafiya, aka buɗe asusun agaji da dala miliyan 2, ana bai wa mutum har dala 1,000. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Su nasu goran ya shekara 30 a rataye. Duk da haka, zuwa ƙarshen Afrilu an tara kusan dala miliyan 14 amma masu nema sun fi ƙarfin asusun, dole aka dakatar da karɓar sababbin takardu na wani lokaci. Su ma Live Nation sun buɗe asusun dala miliyan 10 musamman don ma'aikatan bayan fage.

A ganina dai, abin da ya fi burgewa a duk labarin nan ba sadaka ba ne, ciniki ne. Akwai wani shafin intanet mai suna Bandcamp inda mawaƙi ke kasa waƙoƙinsa da faifansa da riguna masu sunansa, masoyi ya saya kai-tsaye. A ƙa'ida shafin na cire kashi 15 cikin 100 na cinikin waƙa, kashi 10 na sauran kaya. Sai masu shi suka ce ranar Juma'a 20 ga Maris ba za su ɗauki ko sisi ba. Mai karatu, a cikin sa'o'i 24 jama'a suka yi sayayyar dala miliyan 4.3, kimanin ninki 15 na abin da aka saba gani a Juma'a. Da aka maimaita ran 1 ga Mayu, aka sami miliyan 7.1. Daga nan ta zama al'ada a Juma'ar farko ta wata, kuma kafin shekarar ta fita ranakun nan 9 sun kai wa mawaƙa da ƙananan kamfanoninsu dala miliyan 40.

Duba yadda lissafin yake. Mutum guda da ya sayi kundin waƙa na dala 10 a irin wannan rana, fiye da dala 9 ce ke shiga hannun mai waƙar cikin 'yan kwanaki. Kafin a sami wannan ta hanyar sauraro a manhaja sai an kunna waƙa sau dubbai. Kuma babu cike takarda, babu bayyana talauci a gaban kowa, wanda ka san abu ne mai nauyi ga mutumin da ya saba a tafa masa. Har wasu ƙananan kamfanonin faifai suka riƙa yafe nasu kason a ranar, wasu mawaƙan da ke da rufin asiri kuma suka riƙa juya cinikinsu ga waɗanda suka fi su buƙata.

Wannan ne ya sa ido ya dawo kan Spotify. Kamfanin ya yi alƙawarin ninka gudummawar da jama'a suka bayar ga asusun agaji har zuwa dala miliyan 10, ya kuma sa wata 'yar kafa a shafin kowane mawaƙi da masoyi zai bi ya jefa masa ɗan abin da ya samu. Mawaƙa da yawa ba su ji daɗin wannan ba, suna ganin an miƙa masu ƙoƙon bara ne maimakon a gyara farashi. A cikin watannin kullen ne wasu daga cikinsu suka kafa ƙungiyar ƙwadago mai suna UMAW, kuma a Oktoba 2020 suka fito da buƙatar a riƙa biyan senti ɗaya a kan kowane sauraro. Kamfanin bai amince ba.

Saura gidajen wasan kansu, domin ko mawaƙi ya tsira, ina zai koma idan dandalin ya zama kango? Ƙananan gidajen wasa na Amurka kowa tasa ta fisshe shi ake yi a da, ba su da wata murya guda. A Afrilu 2020 suka haɗu suka kafa ƙungiyar NIVA. Da suka tambayi membobinsu, kashi 90 cikin 100 suka ce za su rufe har abada idan kullen ya daɗe babu taimakon gwamnati. Suka tunkari majalisa, manyan taurari suka sa masu hannu a wasiƙa, masoya suka yi ta aika saƙo ga wakilansu. Sanatoci biyu daga jam'iyyu masu hamayya, Amy Klobuchar da John Cornyn, suka ɗauki nauyin ƙudirin a Yuli, kuma ran 27 ga Disamba, 2020, aka sa hannu a dokar da ta ware dala biliyan 15 ga gidajen wasa, da na kallon fim, da makamantansu.

Sai dai aikin gwamnati ko'ina tafiyar hawainiya yake yi. Shafin da za a cike takardar neman kuɗin ba a buɗe shi ba sai ran 8 ga Afrilu, 2021, kuma a ranar ya lalace cikin 'yan sa'o'i, aka rufe. Aka sake buɗewa ran 26 ga watan. Amincewar farko ba ta fara fita ba sai ƙarshen Mayu, wata 14 bayan an kashe fitilu, lokacin da wasu gidajen tuni sun sallami ma'aikata sun mayar wa masu gini makullansu.