Furostasom

furostasom (suna, namiji, jam'i: furostasomomi). Ɗan ƙanƙanin ƙunshi ne mai lulluɓin kitse da furostet ke fitarwa cikin maniyyi. Furostet gaɓa ce da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta kewaye hanyar fitsari. Girman ƙunshin kan kama daga nanomita 40 zuwa 500, don haka sai da madubin bincike mai aiki da elektiron ake ganinsa. Gunnar Ronquist da abokan aikinsa a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin ne suka fara bayyana shi a ƙarshen shekarun 1970.

Lulluɓinsa yana da tauri, domin kwalastaral ɗin cikinsa ya kusa ninka sauran kitsen sau biyu. Idan ya haɗu da ƙwayar maniyyi, sai ya manne mata ya ba ta guzuri: sinadaran da ke ƙara wa wutsiyarta kuzarin iyo, da kwalastaral mai hana ta nuna tun tafiya ba ta yi nisa ba. Aikinsa mafi ban sha'awa kuwa shi ne kariya. Jikin mace na ɗaukar ƙwayar maniyyi a matsayin baƙuwa, garkuwarsa kuma na iya far mata. Furostasom kan ɗora mata furotin irin su CD59 da CD46, waɗanda ke dakushe harin. Yana kuma hana wasu ƙwayoyin bakteriya yaɗuwa.

Ƙwayoyin kansar furostet ma suna fitar da shi, har ya kan shiga jini. Shi ya sa masu bincike ke nazarin auna shi domin gano cutar, tare da gwajin jini na PSA.