Gwarzo da Mugu a Finafinan Amurka: Tarihin Wata Adawa (1938-2019)

0. Gabatarwa

A zamanin da gidajen sinima na Yamai da Maraɗi da Damagaram ke cika da dare, ƴan kallo sun raba mutanen fim gida biyu: akwai «akter», akwai kuma «shef bandi». Ƴan'uwanmu na Kano «bos» suke ce wa na biyun. Yaron da ya shigo a makare tambaya ɗaya yake yi: wane ne shef bandi? Da zarar an nuna masa shi, ya fahimci fim ɗin. Mai nazarin harshe ba zai yi mamakin wannan ba, tun da Saussure ya koya mana cewa kalma tana samun darajarta ne daga abin da ya bambanta ta da ƴar'uwarta.

A cikin wannan ɗan nazari za mu bi tarihin wannan adawa a finafinan Amurka na mutane masu ƙarfi fiye da na ɗan Adam, irin su Superman da Batman. Za mu kira irin wannan jarumi «gwarzo», abokin gabarsa kuwa «mugu». Abin da muke son nunawa shi ne: cikin shekara tamanin mugu ya yi ta matsowa kusa da gwarzo, daga baƙo ya zama tagwai, daga tagwai ya zama ɗan'uwa mai hujja, amma hukuncin da ake yanke masa bai canza ba.

1. Daga mugun gida zuwa baƙo (1938-1945)

Waɗannan gwaraza a mujallun zane aka haife su kafin su shiga sinima. Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da Superman a 1938, lokacin da Amurka ba ta gama farfaɗowa daga karayar arzikin 1929 ba. Abokan gabarsa na farko ƴan gida ne: ɗan majalisa mai cin hanci, miji mai dukan matarsa, mai mahaƙar ma'adinai da ba ya kula da ran ma'aikatansa. Watau a farkon lamari gwarzo ne mai neman gyara al'umma. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

Yaƙin duniya na biyu ya juya al'amarin. A bangon mujallarsa ta farko, mai ɗauke da kwanan watan Maris 1941, an zana Captain America yana naushin Hitila, tun Amurka ba ta shiga yaƙin ba. A 1943 kamfanin Columbia ya fitar da fim ɗin Batman na farko, kashi 15, ana nuna kashi ɗaya kowane mako. Mugun ciki, Dakta Daka, ɗan leƙen asirin Japan ne, kuma Bature aka yi wa kwalliya ya taka rawar. A daidai lokacin gwamnatin Amurka tana tsare da mutane wajen 120.000 ƴan asalin Japan a sansanoni, akasarinsu haifaffun Amurka, kuma muryar mai ba da labari a fim ɗin ta yaba da wannan mataki. A nan mugunta tana cikin fuska da lafazi. Ba a bukatar wata hujja.

2. Adawa ta zama doka (1954-1968)

A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya zargi mujallun zane da lalata yara, har Majalisar Dattawan Amurka ta yi zama a kai. Don gudun hannun hukuma, masu buga mujallun suka kafa wa kansu ƙa'idoji a shekarar: dole alheri ya rinjayi sharri a kowane labari, kada a nuna mai laifi ta yadda za a tausaya masa, kada a zubar da mutuncin ɗan sanda ko alƙali. Sinima ma tana ƙarƙashin irin waɗannan ƙa'idoji tun 1934, har zuwa 1968.

Mugun da aka hana shi dalili kuma aka hana shi nasara, abin da ya rage masa shi ne ban dariya. Haka muka gan shi a fim ɗin Batman na 1966, inda miyagu huɗu suka haɗa kai suka mayar da wakilan wata majalisar duniya gari. Gwarzo kuwa ya zama mataimakin ƴan sanda.

3. Tagwaye (1978-2008)

Da fim ɗin Superman na Richard Donner (1978) mugu ya komo gida: Lex Luthor so yake ya nutsar da gaɓar Kalifoniya cikin teku don hamadar da ya saya da arha ta yi tsada. Amma babban sauyi ya zo ne da Batman na Tim Burton (1989). A nan Joker ne ya kashe iyayen Bruce Wayne yana yaro, shi kuma Batman ne sanadin faɗawar Joker cikin ruwan gubar da ya ɓata masa fuska. Kowannensu shi ya yi ɗan'uwansa. A takardun tallan fim ɗin ma sunan Jack Nicholson, mai rawar mugu, shi ne a gaban na Michael Keaton.

Bayan harin 11 ga Satumba 2001 tambayar ta ƙara nauyi. A The Dark Knight na Christopher Nolan (2008), Joker ba ya neman kuɗi, har ma ya banka wa tulin kuɗi wuta. Burinsa ya tilasta wa masu kare doka su taka ta da ƙafarsu. Kuma ya samu. Batman ya sato mutum daga Hong Kong ba da izinin kowa ba, ya lakaɗa wa fursuna duka a ɗakin tambaya, ya mayar da wayoyin salula na dukan birnin kunnuwansa. A ƙarshe an kwantar da hankalin jama'a da ƙarya, aka ɓoye musu laifin mai gabatar da ƙara Harvey Dent. Amurkawan da suka kalli fim ɗin suna cikin muhawara kan azabtar da fursunoni da sauraron wayoyin mutane, ba su bukaci a fassara musu ba.

4. Ɗan'uwa mai hujja (2000-2019)

Wani reshe ya tsiro tun 2000. Fim ɗin X-Men ya buɗe ne a sansanin ƴan Nazi a Polan, cikin 1944, inda ake raba wani yaro Bayahude da iyayensa. Yaron nan shi zai zama Magneto. Idan daga baya ya ce bai yarda da alkawarin masu rinjaye ba, ɗan kallo ya san inda maganar ta samo asali.

Misalin da ya fi cika shi ne Black Panther na Ryan Coogler (2018), wanda ya tara sama da dala miliyar 1,3. Killmonger ɗan baffan sarki T'Challa ne. Uban T'Challa ya kashe ƙanensa a Oakland a 1992, ya bar maraya a can. Ƙarar da marayan ya kawo tana da ƙarfi: ƙasar Wakanda mai arziki ta rufe ƙofa ta yi shiru lokacin da ake bautar da baƙar fata ana yi musu mulkin mallaka. A wani gidan tarihi na Landan ya tambayi jami'ar wurin ta wace hanya kakanninta suka mallaki kayan Afirka da ke cikin gilashi. Tambayar ba ta fim kaɗai ba ce: a watan Nuwamba na wannan shekara Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa shugaban Faransa rahotonsu kan mayar da irin waɗannan kaya, kuma a 2021 aka mayar wa Benin guda 26.

To, yaya fim yake yi da mugun da ya fi gwarzo hujja? Sai a sa shi ya aikata abin da ba mai iya karewa. Killmonger ya harbe budurwarsa, ya shaƙe wata dattijuwa, ya yi shirin aika makamai ko'ina a duniya. Daga nan ɗan kallo ya sami izinin mantawa da ƙarar. Ya mutu, T'Challa kuma ya ɗauki wani yanki na maganarsa, ya buɗe cibiya a Oakland, ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2019 aka kai matuƙa da Joker na Todd Phillips, wanda ya ci babbar lambar bikin finafinai na Venis: mugu ne kaɗai a fage, babu gwarzo ko ɗaya.

5. Kammalawa

Vladimir Propp, da ya nazarci tatsuniyoyin Rasha guda ɗari a 1928, ya lura cewa sau da yawa ɓarnar mugu ce ke tayar da labari. Idan muka dubi aikatau da ke tafiya da kowane ɓangare a finafinan da muka ambata, za mu ga na mugu su ne so, shirya, canza. Na gwarzo kuwa hana, kare, maido. Ke nan aikin neman sauyi, wanda yake hannun Superman a 1938, ya koma hannun mugu, kuma kullum a haɗe yake da zubar da jini.

Wannan ya shafe mu, domin ɗalibanmu suna kallon waɗannan finafinai a wayoyinsu, suna kuma koyon wata nahawu daga cikinsu: mai ƙorafi abin tsoro ne, mai tsare tsarin da aka tarar shi ne mutumin kirki. Muna ganin ya dace a ajin nazarin zance a riƙa raba abubuwa biyu da fim ya ɗaure wuri ɗaya, watau maganar da mugu ya faɗa da laifin da marubuci ya ɗora masa, a auna kowanne shi kaɗai. Aikin da ya rage, wanda muke fatan wani ɗalibi zai ɗauka, shi ne a saurari yadda masu fassara finafinai da Hausa ke sanya wa waɗannan miyagu murya da suna.