Akwatin Baba da Daren Birazil

Ranar nan na je gida ina taya Umma share ɗakin ajiya, sai na ci karo da tsohon akwatin talabijin ɗin Baba, mai nuna baƙi da fari, ƙura ta rufe shi, eriyarsa ɗaya ta karye. Allah sarki! Tsayawa na yi da tsintsiya a hannu ina kallonsa kamar na ga ɗan'uwan da aka daɗe ba a haɗu ba.

Ya mai karatu, talabijin ya daɗe a Arewa. Tun 1962, zamanin Sardauna, aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. A 1977 gwamnatin tarayya ta haɗe tashoshin ƙasar nan ƙarƙashin NTA, mu kuma a Kano gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV, wadda yau ake kira ARTV. Amma fa samun tasha daban, samun akwatin daban. Har na yi wayo, a layinmu kaf gida biyu ne ke da shi, namu na ɗaya.

Daren da ba na mantawa shi ne na 31 ga Yuli, 1996, ina 'yar shekara takwas. Ana wasannin Olamfik na Atlanta a Amurka, Najeriya za ta kara da Birazil, wanda ya ci ya tafi wasan ƙarshe. Tun magariba aka ɗauke wuta, sai Yaya ya aro batirin mota wurin maƙwabcinmu direba. Aka kifa turmi a tsakar gida aka ɗora akwatin, mu yara a gaba kan tabarma, matan maƙwabta a bayanmu da goyonsu, mazan unguwa kuwa suna ƙofar gida sun kewaye rediyo. Kakarmu ta ce, "Wai su waye namu a ciki?" Da yake akwatin ba ya nuna kala, sai da Yaya ya riƙa nuna mata su da yatsa.

Birazil ta yi mana uku muna da ɗaya. Baba ya miƙe ya ce, "Ku tashi ku kwanta, an gama." Umma da ba ta san komai a ƙwallo ba ta ce, "Haba Malam, a bar su mana, ai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare." Kai jama'a! Ikpeba ya ci na biyu, Kanu ya rama ana dab da tashi, da aka ƙara lokaci ya sake zura na huɗu. Kakarmu ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Ranar 3 ga Agusta aka doke Ajantina uku da biyu, Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta ci zinaren ƙwallon ƙafa a Olamfik, kuma a cikin 'yan wasan har da Tijjani Babangida da Garba Lawal, 'yan Kaduna.

To daga nan zamani ya juya. Gidajen kallo masu dish da janareta suka cika unguwanni suna nuna wasannin Ingila. Kanu ya koma Arsenal a 1999, Mikel ya tafi Chelsea a 2006, samarinmu suka bi su da zuciya, har bayan sun bar can ba su dawo ba. Wayar salula ta shigo a 2001, a hankali ta koma talabijin ɗin aljihu. Ƙwallo ta bar tsakar gida, ta bar mata da tsofaffi, tunda mu dai ba za mu je gidan kallo mu zauna a benci ba.

Ban ce da ta fi yau a komai ba. Hoton akwatin nan yayyafi ne zalla, sai an hau katanga ana juya eriya ana tambayar, "Ya yi?" Amma a gidana yau, Abban yara yakan fita kallo sai sha ɗayan dare, ɗana kuma ya ƙule a ɗaki da wayata. Ya haddace 'yan wasan Turai kaf, da na tambaye shi Babangida sai ya ce, "Umma, shugaban ƙasa?" Ko Kano Pillars da ta ci kofin ƙasa sau uku a jere, daga 2012 zuwa 2014, bai san labarinta ba. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Akwatin na goge shi na taho da shi gida, ko da yake ba ya kamawa. Da daddare na ba yaran labarin Kanu, sannan na roƙi Abbansu alfarma ɗaya: duk ranar da Najeriya za ta buga, a kalla a gida, a shimfiɗa tabarma, ni zan dafa shayi. Ya yi dariya ya ce ya ji. Allah Ya sa ya cika.