Littafin lissafin da gobara ta cinye a gidan Bello

'Yan uwa marubuta, wannan makon za mu leƙa Magarya, sansanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kusa da Wurno. A ƙarshen 1826, lokacin Bello na yawan zama can saboda yaƙi da Gobirawa, Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya dawo karo na biyu da tsaraba, ciki har da littafin lissafi na Uƙlidis da Larabci. Clapperton ya rubuta cewa ya tarar da Bello zaune da littafin a gabansa. Bello ya shaida masa cewa ai gidansu sun taɓa mallakar irinsa, wani ɗan uwansu ya kawo daga Makka, gobarar bara ce ta cinye shi.

Idan muka tashi ƙaga labari kan wancan zamani, doki da takobi kawai muke ba mutanen nan. Da wuya ka ga mun zaunar da sarki yana fama da lamba, alhali ga shaida a rubuce.

To me ke cikin littafin? An fi saninsa da zanen kusurwa da da'ira, amma juzu'i na 7 zuwa na 9 duk kan lambobi suke. Akwai shafa'i da wutiri, kalmomin da muka sani tun daga sallar dare. Akwai lambar da ba mai raba ta sai 1 da ita kanta, kamar 7 ko 127, da hujjar cewa irinsu ba sa ƙarewa. Sai cikakkiyar lamba, wadda in ka tara masu raba ta, ban da ita, za su ba ka ita daidai: 6 ita ce 1+2+3, 28 kuma 1+2+4+7+14.

Dabarar samo ta ce ta rufe juzu'i na 9. Ka fara daga 1, kana ninkawa kana tarawa. Duk inda jimlar ta faɗa kan lambar da ba ta rabuwa, sai ka buga ta da ninkin ƙarshe. Daga 1 zuwa 64 jimla 127 ce, sau 64 ya ba da 8,128. In ka daure har 4,096, jimla 8,191, za ka fito da 33,550,336, cikakkiya ta biyar.

Kada mu ɗauka wannan adadi zai razana ɗan kasuwar lokacin. Da wuri ake ciniki, kuma wuri 20,000 shi ne keso guda, don haka lambar tamu keso 1,677 ce da ragowar wuri 10,336. Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da birnin ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300 aƙalla.

Duk cikakkun lambobin da aka gano zuwa yau shafa'i ne. Ko akwai wutiri a cikinsu, masana lissafi har yanzu ba su warware ba.