Shaƙuwar Yaro da Mai Renonsa: Tarihinta Daga Ƙasar Hausa Zuwa Jazira

Shaƙuwar yaro da mai renonsa ita ce dangantakar da ke ƙulluwa tsakanin jariri da wanda ke ɗaukarsa, yana amsa kukansa, yana lallashinsa, har ya zamana duk lokacin da tsoro ko ciwo ko gajiya ta kama shi, wurin wannan mutum yake nufa. Takan fito fili daga wata shida zuwa takwas da haihuwa, lokacin da yaro ke fara ƙiwa, ya ƙi hannun baƙo, ya maƙale wa wanda ya sani. Sama da shekara saba'in ke nan masana halayyar ɗan Adam suna nazarinta, kuma renon Hausawa na cikin abubuwan da suka gyara wa wannan ilimi zama.

Wanda ya aza harsashin nazarin shi ne John Bowlby, likitan ƙwaƙwalwa a Landan. A 1944 ya wallafa bincikensa kan yara 44 da aka kawo asibitinsa saboda sata. Goma sha huɗu daga cikinsu ba sa nuna ƙauna ko nadama ga kowa, kuma 12 daga waɗannan an taɓa raba su da iyayensu mata na tsawon lokaci tun suna ƙanana. Yaƙin Duniya na Biyu ya bar Turai cike da marayu, don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi aikin rubuta rahoto, wanda ya fito a 1951. Abin da ya ce shi ne, ƙoshi da tsafta kaɗai ba sa raya zuciyar yaro, sai da ɗumin jiki da kulawar da ba ta yankewa. Sai dai ya jingina kusan komai a kan uwa ɗaya ko wadda ta maye gurbinta, domin gidan da ya sani ke nan: miji, mata da 'ya'yansu.

A Afirka aka fara gwada ra'ayin da ido. Mary Ainsworth, wadda ta yi aiki da Bowlby, ta zauna a Yuganda a 1954 zuwa 1955 tana zagaya gidajen ƙauyukan da ke kewayen Kampala, tana lura da jarirai 28. Ta ga cewa yaron da uwarsa ke saurin gane buƙatarsa shi ne mai ƙarancin kuka, kuma shi ne mai ƙarfin halin barin cinyarta ya je wasa, ya waiwayo, ya dawo, ya sake tafiya. Da ta koma Baltimore ta Amurka, ta tsara gwajin minti ashirin inda uwa ke fita daga ɗaki ta bar ɗan shekara ɗaya, sannan ta dawo. Ba kukan rabuwa ake dubawa ba, yadda yaron ke tarbar uwarsa ake dubawa. Wani ya ruga ya rungume ta hankalinsa ya kwanta, wani ya kau da kai, wani kuma ya maƙale yana ture ta. Nazarin da ya haɗa sakamakon ƙasashe takwas a 1988 ya nuna kusan kashi biyu bisa uku na yara suna rukunin farko. Dalilin tasirin abin ba ɓoyayye ba ne. Jariri ba ya iya kwantar wa kansa da hankali, babba ne ke yi masa. In an maimaita masa haka dare da rana, sai ya koyi cewa tsoro yana wucewa, mutane kuma abin dogaro ne, da haka yake fara iya riƙe fushinsa da zama da tsaransa.

A 1977 Robert Marvin da abokan aikinsa, cikinsu har da Robert LeVine da Sarah LeVine, suka wallafa abin da suka gani a gidajen Hausawa a arewacin Nijeriya, inda suka bibiyi jarirai 18. Kowane jariri yana da masu reno kusan huɗu. Uwa ce ke shayarwa da wanka, amma ɗauka da goyo da wasa aikin kowa ne a gidan: kaka, kishiyar uwa, goggo, yayye mata. Yaran sun shaƙu da mutum uku ko huɗu, ba ɗaya ba, kuma wadda suka fi gudu wurinta ita ce wadda ta fi ɗaukarsu, ko da ba ita ta haife su ba. Wannan sakamako ya shiga littattafan fannin a matsayin hujjar cewa yawan hannu ba ya ɓata yaro.

Akwai abin da ya fi wannan ɗaure wa baƙin kai, wato kunyar ɗan fari. Yarinyar da ta yi haihuwar fari ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, takan shayar da shi fuskarta a kauce. A ma'aunin Turai na wancan zamani, irin wannan uwa ta cuci ɗanta. Amma su LeVine, a littafinsu na 2016, sun kawo wannan al'ada ne don nuna cewa yaran sukan tashi lafiya lau. Ɗan Bahaushe ba zai yi mamaki ba, domin ya san cewa abin da uwa ta ɓoye don alkunya, kaka tana zuba shi a fili, tana kiran jikan mijinta ko kishiyarta, tana yi masa kirari. Tun kafin haihuwa ake mayar da mai cikin fari gidan iyayenta, ta yi wankan jego a hannun uwarta har ta yi arba'in. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau ya fito a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'ya ta aurar. Shari'a ma ta san da wannan shimfiɗa. Alƙur'ani ya ambaci cikar shayarwa shekara biyu, shan nono ɗaya yana haramta aure, a mazhabar Malikiyya kuma in uwa ta rasa haƙƙin riƙon yaro, kakarsa ta wajen uwa ce ke biye.

Da wannan tsari na gida Hausawa suka isa Sudan. Hanyar hajji ta ƙasa, wadda ta ratsa Borno da Wadai da Darfur da Kurdufan, tsohuwa ce, kuma tafiyar kan ci shekaru, ana noma ana ƙwadago a hanya, ana aure ana haihuwa. Babbar ƙaura ta zo bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a, Fulani da Hausawa, suka ci gaba zuwa gabas. Wajen 1906 suka sauka a gaɓar Shuɗin Kogin Nilu, inda garin Mai Wurno yake a yau, kudu da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, sai buƙatar hannu ta jawo dubban 'yan Afirka ta Yamma, ƙauyukansu suka bazu a gefen gonaki da bakin kogi. Mark Duffield ya rubuta littafi kan Mai Wurno a 1981. Bawa Yamba kuma a 1995 ya nuna yadda jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a Sudan ke ɗaukar kansu a matsayin alhazan da ke kan hanya har yanzu. Al-Amin Abu Manga ya yi nazarin yadda Hausar Sudan ke cuɗanya da Larabci a 1999. Harshen da ya rayu sama da shekara ɗari a tsakiyar masu jin Larabci, a baya da cinya ya rayu, domin a nan yaro ke fara jin sa. Makwabtansu Larabawan Sudan ma suna da tasu tsohuwar, habboba, wadda matsayinta a reno bai gaza na kakarmu ba.

Sai dai bai kamata mu yi ta yabon kanmu ba tare da dubawa ba. Yaye na gargajiya, inda ake shafa wa nono maɗaci ko a ɗauke yaro rana ɗaya a kai shi wani gari, yana da sauƙi ne kawai in wadda aka kai wa ta riga ta zama tasa. In baƙuwa ce gare shi, an haɗa masa rashin nono da rashin duk wanda ya sani a dare guda. Haka riƙo: na ƙauna daban, na neman ɗan aike daban. Haka tura ƙaramin yaro karatun allo nesa da gida, ko a makarantar allo ta Kano ko a halwar Sudan, tun bai iya kula da kansa ba. Abin da ke raunata yaro shi ne yankewar hannun da ya saba da shi ba tare da wani sananne ya karɓe shi ba. Binciken da aka fara a gidajen marayun Bukares ta Romaniya a 2000 ya tabbatar da haka ta wata fuska: yaran da aka mayar cikin iyali kafin su cika shekara biyu sun fi waɗanda aka jinkirta samun ingantacciyar shaƙuwa.

Irin wannan yankewa ce ta auka wa Sudan a 'yan shekarun nan. Rikicin ƙabilanci na Yuli da Oktoba 2022 a jihar Shuɗin Nilu, a wurare irin su Rusairis da Wad al-Mahi, ya ci ɗaruruwan rayuka, ya kori dubban iyalai, Hausawa da yawa a cikinsu. Sai yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. A gidan marayu na Maigoma da ke Hartum, jarirai da dama sun mutu cikin makonnin farko saboda yawancin masu reno sun kasa isowa. A watan Yuni aka kwashe kusan 300 zuwa Wad Madani, da yaƙin ya iso can a Disamba aka sake kwashe su. Ƙauyukan Jazira da Sinnar sun watse, gidan da ke da mata huɗu masu goyo ya koma uwa ɗaya a ƙarƙashin tanti, ita kanta a firgice.

Anna Freud da Dorothy Burlingham, waɗanda suka reni yara a Landan lokacin ruwan bama-bamai na Yaƙin Duniya na Biyu, sun lura cewa rabuwa da iyaye ta fi girgiza ƙananan yara a kan ƙarar bam ɗin kanta. Saboda haka muna kira ga masu rabon agaji da shugabannin al'ummar Hausawa a Sudan: kada a raba yaro da wanda ya sani don sauƙin lissafi, a tsugunar da kaka kusa da jikokinta, a nemo wa maraya danginsa kafin a nema masa gidan marayu, kuma a tallafa wa uwar da ke reno ita kaɗai.